Ƙwallon Sunuka a Gaban Kyamara: Ko Akwai Lokacin da Ba Shi da Tsawo?

Daga cikin tambayoyin da suka daɗe suna ci wa masu zurfin tunani tuwo a ƙwarya, tun daga masanan Girka na dā har zuwa malaman tauhidi na Basra da Bagadaza, akwai wadda mai jin ta da farko zai ɗauka ba ta cancanci a tsaya mata ba, wato ko abin da yake tafiya yana tafiya ne a cikin kowane ɗan yanki na lokacinsa, ko kuwa tafiyar tasa jerin tsayuwa ce da ido yake ɗinkewa har ta zama kamar abu guda. Tambayar tana da 'yar'uwa da ba ta rabuwa da ita, domin idan abu mai tafiya ya bugi wanda yake tsaye har ya tashe shi, sai a tambaya ko ido ya ga na farko yana tura na biyu, ko kuwa abin da ya gani bai wuce cewa wannan ya iso, wancan kuma ya tashi ba. Da wuya a sami wurin da tambayoyin biyu suke fitowa fili kamar ɗakin da ake buga ƙwallon tebur, a daidai lokacin da mai ɗaukar hoto yake saita kyamararsa don ya kama ƙwallo yana gudu, saboda a can haske kaɗan ne, ƙwallon yana da sauri, kuma duk abin da aka nema daga kyamara sai an biya shi da wani abu.

Wasan da samari a garuruwan Hausa suke kira sunuka a gaskiya dangin wasanni ne. Sunuka na asali, wanda hafsoshin sojan Ingila suka ƙirƙira a Jabalpur ta ƙasar Indiya a 1875, ana buga shi da ƙwallaye 22 a kan tebur mai tsawon ƙafa 12 da faɗin ƙafa 6, kuma tun 1977 a gidan wasa na Crucible da ke Sheffield ake yin gasarsa ta duniya. Na Amurka, wanda suke kira pul, teburinsa na gasa ƙafa 9 ne, faɗin ƙwallonsa kuma milimita 57. Abin da ya haɗa su a wajen mai hoto shi ne fitila tana rataye a saman teburin tana haska koren ƙyallen kaɗai, sauran ɗakin kuwa yana cikin duhu-duhu, sannan a wajen gasa ba a yarda a kunna filasha ba, don kada walƙiyarta ta ɗauke hankalin mai bugu a lokacin da ya sunkuya yana auna sandarsa.

Farkon abin da mai hoto yake saitawa shi ne saurin ƙyauren kyamara, wanda masu sana'ar suke kira shata, wato labulen da yake buɗewa ya bar haske ya faɗa kan farantin da ke karɓar hoto sannan ya rufe. A bugun farko na pul, wanda da shi ake tarwatsa ƙwallaye, gwani yakan harba farin ƙwallo da gudun da ya kai kusan mita 10 a sakan ɗaya, kuma daga wannan adadi lissafin yana da sauƙi. Idan ƙyaure ya zauna a buɗe kashi ɗaya cikin 60 na sakan, ƙwallon zai yi tafiyar santimita 17 kafin a rufe, wato kusan faɗinsa sau uku, sai ya fito a hoto kamar farin tsiri marar gefe. A kashi ɗaya cikin 250 tafiyar ta koma santimita 4, a kashi ɗaya cikin 1000 santimita ɗaya, a kashi ɗaya cikin 4000 milimita biyu da rabi, a kashi ɗaya cikin 8000 kuma, wanda shi ne iyakar ƙyauren inji a manyan kyamarori da yawa, milimita ɗaya da kwata. Mai kallo zai ce ƙwallon ya tsaya cak, alhali wutsiyar tana nan, gajarta kawai ta yi har ido ya daina kula da ita.

Kowace gajarta kuwa da farashinta. Sauka daga kashi ɗaya cikin 60 zuwa kashi ɗaya cikin 1000 yana nufin hasken da ya shiga ya ragu kusan sau 16, kuma hanyoyin mayar da shi biyu ne. Ta farko ita ce faɗaɗa kafar haske, wato ramin da ke cikin gilashin kyamara, wanda ake auna shi da lambobi irin su f/4 da f/2.8, inda ta biyun take shigar da ninkin hasken ta farko. Sai dai idan kafar ta faɗaɗa zurfin abin da yake fitowa tar yakan ragu, ta yadda farin ƙwallo zai fito da ƙurar shuɗin alli a jikinsa, amma jan ƙwallon da yake nufa a ɗaya gefen teburin ya zama dishi-dishi, wato abin da aka samu ta fuskar lokaci an rasa shi ta fuskar wuri. Ta biyu ita ce ɗaga lambar ISO zuwa 3200 ko 6400, wato a umarci kyamara ta ƙara ƙarfin ɗan abin da ta samu, sai hoton ya cika da ɗige-ɗige kamar an watsa masa tsaki, domin haske kansa ƙwaya-ƙwaya yake sauka, kuma idan ƙwayoyin suka yi kaɗan rabonsu a kan faranti ba ya daidaita. Wanda ya bi wannan hanya har ƙarshenta, ya nemi ƙyauren da bai buɗe na kowane tsawon lokaci ba, abin da zai samu baƙin fili ne wanda babu tebur babu ƙwallo a cikinsa.

Wannan baƙin fili shi ne ya kamata a ajiye a gefen hujjar Zeno, mutumin Eleya a kudancin Italiya, wanda ya rayu a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma ya tsara hujjoji don kare ra'ayin malaminsa Farmenidis cewa canji ruɗin gaɓoɓin ji da gani ne. A hujjarsa ta kibiya ya ce a kowane yanzu kibiyar da aka harba tana cike wuri daidai girmanta, abin da ya cika wuri daidai girmansa kuwa a tsaye yake, tunda kuma lokaci bai ƙunshi komai ba sai irin waɗannan yanzu, to kibiyar a tsaye take tun daga baka har zuwa inda ta faɗa. Aristotal, wanda ta cikin littafinsa na ilmin ɗabi'ar abubuwa hujjar ta iso ga na baya, ya amsa cewa lokaci ba tarin yanzu ba ne, kamar yadda layi ba tarin ɗigo ba ne, yanzu iyaka ce tsakanin abin da ya wuce da abin da ke zuwa, kuma a cikin iyaka ba a cewa abu yana motsi, ba a kuma cewa yana tsaye, domin tsayuwa ma sai an zauna a wuri ɗaya na wani tsawon lokaci.

Mutane da yawa suna ɗaukar hoto a matsayin shaidar Zeno, ganin cewa ga ƙwallo a tsakiyar gudunsa kuma ga shi a tsaye a kan takarda, amma wanda ya taɓa fama da hasken ɗakin sunuka ya san shaidar ta fi karkata ga Aristotal. Takarda ce take tsaye, abin da aka rubuta a kanta kuwa tafiya ce mai tsawo, ko da tsawon nata milimita ne. Akwai kuma wani abu da ba ya gajarta tare da wutsiyar, domin idan aka raba tsawonta da tsawon lokacin da ƙyaure ya yi a buɗe, santimita 4 a kashi ɗaya cikin 250, ko santimita ɗaya a kashi ɗaya cikin 1000, amsar ba ta gushe tana komawa mita 10 a sakan. Wannan shi ne tushen abin da masana lissafi, daga Newton da Leibniz a ƙarshen ƙarni na 17 zuwa Cauchy da Weierstrass a ƙarni na 19, suka kira gudun abu a nan take, wato adadin da rabon tafiya da lokaci yake dosa yayin da ake ta gajarta su biyun. Gudun nan take ashe hankali ne yake isa gare shi ta hanyar lissafi, babu ido ko faranti da ya taɓa ganinsa.

Lamarin ya fi haka zurfi idan aka duba yadda ƙyauren yake aiki. Labule biyu ne suke bin juna a gaban faranti, kuma idan saurin da aka zaɓa ya wuce kimanin kashi ɗaya cikin 200 ko 250 na sakan, na biyu yakan fara rufewa tun na farko bai gama buɗewa ba, sai ya zama wata siririyar tsaga ce take share farantin daga wannan gefe zuwa wancan. Kowane layi na hoton ya sami kashi ɗaya cikin 4000 na sakan, amma tsakanin layin farko da na ƙarshe akwai tazarar da ƙwallo mai gudun mita 10 zai iya tafiyar santimita uku ko huɗu a cikinta, shi ya sa a sanannen hoton motar tsere da Bafaranshe Jacques Henri Lartigue ya ɗauka kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya tayar motar ta fito a karkace kamar ƙwai. Fitilar da ke saman teburin ma, idan doguwar fitila ce ta tsohon yayi, ba ta ci bai ɗaya, tana ƙyaftawa sau 100 a sakan a ƙasashen da lantarkinsu yake juyawa sau 50, kamar Ingila da Nijeriya da Nijar, ko sau 120 a Amurka, don haka hotuna biyu da aka ɗauka a jere sukan bambanta a haske da launi. Saman hoto ɗaya da ƙasansa ba sa'o'in juna ba ne.

Malaman Musulunci da suka yi nazarin gani sun riga sun lura cewa ido ma haka yake. Ibnul Haisam, wanda ya rasu a Alƙahira wajajen 1040, kuma ya yi bayanin yadda haske yake shiga ɗaki mai duhu ta ƙaramar kafa, ya kafa hujja da abin wasa mai juyawa irin katantanwar yara, wanda idan aka yi masa zane launi-launi aka murza shi launukan suke narkewa su zama guda, a kan cewa gane launi yana buƙatar lokaci. Abin sha'awa ne cewa wata mas'ala tasa ta madubi mai lanƙwasa ta shahara a Turai da sunan mas'alar teburin biliyad, wato wani wasa daga cikin dangin ƙwallon tebur, saboda ƙwallo yana dawowa daga gefen tebur kamar yadda haske yake dawowa daga madubi. Ibn Sina kuwa, wanda ya rasu a 1037, ya kawo misalin ɗigon ruwan sama da ake gani kamar zare, da abin da ake juyawa da sauri har a gan shi kamar zobe, irin abin da yara suke yi da bakin wuta da dare, kuma ya rarrabe ma'anoni biyu na motsi. Akwai kasancewar abu tsakanin mafari da matuƙa ba tare da ya zauna a wuri ɗaya sau biyu ba, wannan shi ne yake samuwa a waje. Akwai kuma doguwar tafiyar gaba ɗayanta, daga farko har ƙarshe, wadda ba ta taɓa taruwa a waje a lokaci guda, sai dai a cikin tunani, inda sura ta baya take jira har ta gaba ta same ta.

Mai hoton da ya kafa kyamararsa a kan ƙafafu uku ya saukar da ƙyaure zuwa kashi ɗaya cikin 15 na sakan, ko rabin sakan, wannan ma'ana ta biyu yake ɗauka. Hannun mai bugu da ya kafe a kan ƙyalle yakan fito tar har da jijiyoyinsa, sandar ta zama inuwa, ƙwallayen kuma su watsu ja da rawaya da shuɗi kamar zaren da aka warware, wasu layukan su karye a gefen tebur su dawo. Babu wani lokaci da teburin ya kasance haka, amma kuma babu ƙarya ko ɗaya a cikin hoton, domin kowane tabo na launi ƙwallo ya bi ta wurin da gaske. Abin da hoton bai faɗa ba shi ne ina aka nufa, kuma a nan ne wata dabara ta masu hoto take tona asiri: idan a wajen atisaye aka haɗa dogon buɗi da filasha, kuma filashar ta haska a farkon buɗin, ƙwallon yakan fito tar a mafarinsa wutsiyar kuma ta miƙe a gabansa, sai mai kallo ya ga kamar baya yake ja, shi ya sa ake saita ta ta haska a ƙarshe, gab da labule na biyu zai rufe. Alkiblar da mai kallo yake karantawa a hoton mai hoto ne ya zaɓa masa ita.

Malaman ilmin kalam, wato masu kare aƙida da hujjar hankali, sun bi wata hanya dabam da ta Aristotal. Mafi yawansu, daga Abul Huzail na Basra cikin Mu'utazila zuwa Baƙillani cikin Ash'ariyya, wanda ya rasu a 1013, sun tafi a kan cewa jiki yana rabuwa har ya tsaya a kan jauhari, wato ƙwayar da ba ta ƙara rabuwa, kuma motsi da tsayuwa da launi duk aradi ne, wato siffa mai bijirowa wadda ba ta tsayawa da kanta. Ash'ariyya suka ƙara da cewa aradi ba ya wanzuwa lokuta biyu, Allah ne yake sabunta halittarsa a kowane yanki na lokaci, masu wannan hanya kuma suka bayyana bambancin mai sauri da mai nawa da cewa tafiyar mai nawa ta fi yawan tsaye-tsaye a tsakaninta. Nazzam, ɗalibin Abul Huzail, ya ƙi yarda da jauhari, sai aka tambaye shi yadda mai tafiya zai ƙetare yankuna marasa iyaka a lokaci mai iyaka, ya amsa da ɗafra, wato tsalle, cewa abu yana iya barin wuri na farko ya bayyana a na uku ba tare da ya bi ta na biyu ba.

Kyamarar zamani tana iya ɗaukar hotuna 20 a sakan ɗaya, kuma wanda ya jera su zai ga abin da ya yi kama da maganar Nazzam ƙwarai, ƙwallo a nan, sai kuma ga shi rabin mita a gaba, babu komai a tsakani. A nan ne ake buƙatar taka-tsantsan, domin sha'awar neman goyon bayan na'ura ga aƙida tana jan mutum ya ce ga hujja ta fito cewa lokaci gutsattsari ne. Hotuna 20 da kowanne ya ɗauki kashi ɗaya cikin 1000 na sakan sun shaida kashi 2 ne kawai cikin 100 na wannan sakan, a sauran kashi 98 ƙyauren a rufe yake, saboda haka giɓin da ake gani na kyamara ne, kuma da an kawo wadda ta fi ta sauri da an tarar da ƙwallon a tsakiyar giɓin. Henri Bergson ya yi irin wannan gargaɗi a 1907, inda ya ce hankalin ɗan'adam yana da ɗabi'ar majigi, yana yanka abin da yake gudana gida-gida sannan ya manta cewa shi ya yi yankan. Aƙidar sabunta halitta tana da hujjojinta na hankali da na nassi, a can ya kamata a tattauna ta, kuma ɗora ta a kan adadin hotunan da wata na'ura take ɗauka raunana ta ne, domin gobe na'urar za ta canza.

Wannan ba ya nufin kyamara ba ta koyar da komai. A 1878, a Palo Alto ta jihar Kaliforniya, Eadweard Muybridge ya jera kyamarori 12 ya nuna cewa doki mai sukuwa yana ɗaga kofatansa huɗu daga ƙasa a lokacin da ƙafafun suka taru a ƙarƙashin cikinsa, saɓanin yadda masu zane suka daɗe suna miƙe su gaba da baya. Tambayar da take da amsa a cikin wuri da lokaci kyamara tana iya yanke ta.

Tambaya ta biyu, wato ko ido yana ganin abu yana tura wani, ba ta cikin wannan aji, kuma ba a banza ba ne David Hume, masanin falsafa ɗan Sukotlan, ya ɗauki ƙwallon tebur ya mai da shi babban misalinsa a littafinsa na binciken fahimtar ɗan'adam na 1748. Ya ce da za a kawo mutum mai cikakken hankali wanda bai taɓa ganin karon abu biyu ba, a nuna masa ƙwallo yana doso wani, babu yadda zai gane da tunani kaɗai abin da zai biyo baya, domin hankali ba ya ganin saɓani a ce dukansu sun tsaya, ko na farko ya koma da baya, ko ya kauce. Abin da ido yake samu uku ne, wato kusanci, da rigayen ɗaya a kan ɗaya, da maimaituwar haka a duk lokacin da aka gwada, tilascin da ake ji kuwa, cewa dole na biyu ya tashi, sabo ne ya dasa shi a zuciya. Fiye da shekara 600 kafin haka Imam Gazali, a mas'ala ta 17 ta Tahafutul Falasifa, ya kawo misalin wuta da auduga, ya ce gani yana tabbatar da cewa ƙonewa ta faru a yayin haɗuwa da wuta, amma ba ya tabbatar da cewa wutar ce ta aikata ta. Ƙofar da suka shiga ɗaya ce, inda suka fita ne ya bambanta, domin Gazali ya mayar da aikin ga ikon Allah, Hume kuwa ya tsaya a kan ɗabi'ar zuciyar mutum bai wuce nan ba. Ibn Rushd na Ƙurɗuba, wanda ya rasu a 1198, ya mayar wa Gazali martani cewa wanda ya kore sabubba ya kore ilmi, tunda ana sanin abubuwa ne ta ayyukan da suka keɓanta da su.

Idan aka kai kyamara wajen karon kansa, abin da ake samu yana da ban mamaki. Kan sanda yana manne da farin ƙwallo na kashi ɗaya ko biyu cikin 1000 na sakan, ƙwallo biyu kuwa suna taɓa juna na kimanin kashi ɗaya cikin 3000 zuwa 4000, kuma a wannan ɗan taƙi suna lotsawa kaɗan su dawo, ko da yake a hannu sun fi kama da dutse. Kyamarar bincike mai ɗaukar dubban hotuna a sakan tana iya raba wannan taƙi gida-gida, amma abin da kowane gida yake nunawa bai wuce wuri da siffa ba, wannan ya matso, sun haɗu, wancan ya fara nisa. Akwai bugun da gwanaye suke yi inda farin ƙwallo yake isa ba ya juyawa, ya daki ɗayan a tsakiya, ya tsaya cak a wurin, ɗayan kuma ya tafi da kusan dukkan gudun; idan aka juya hotunan wannan ɗan lokaci daga ƙarshe zuwa farko, da ƙyar mai kallo zai gane an juya, sai ya mai da wanda aka buga mai bugu. A wannan gaɓa dai, wato iyakar abin da gani yake tabbatarwa, maganar Gazali ta tsaya daram, kuma ƙarin saurin ƙyaure bai rage mata komai ba.

Sai dai aikin mai hoto yana da wata shaida da take goyon bayan damuwar Ibn Rushd. Babu yatsan da yake da saurin da zai ga karo sannan ya danna, domin tsakanin gani da motsa hannu mutum yana cin kusan kashi ɗaya cikin biyar na sakan, lokacin da ƙwallon ya riga ya yi mita biyu. Abin da gwanin hoto yake yi shi ne ya karanci tebur, ya gane ƙwallon da za a nufa, ya saita gilashinsa a kan wurin tun babu abin da ya faru, ya lura da yadda mai bugu yake ja da sandar baya sau biyu ko uku yana ɗan dakatawa, sannan ya danna kafin bugun. Ya dogara ne kacokan a kan cewa abin da ya faru jiya zai faru yau, kuma dogaron ba ya ba shi kunya, har ma Bafaranshe Coriolis ya wallafa littafi guda a 1835 a kan lissafin tafiyar ƙwallon biliyad. Ɗaliban tauhidi a zaurukan ƙasar Hausa suna da sunan wannan abu, domin Shaihu Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, kuma ake karanta Ummul Barahin tasa daga Sakkwato zuwa Kano da Damagaram, ya rarrabe hukuncin hankali da na shari'a da na al'ada, ya bayyana na ukun a matsayin alaƙar da maimaituwa take tabbatarwa tsakanin abu biyu, tare da yiwuwar ta saɓa, kuma ba tare da an jingina wa ɗayansu tasiri na kansa ba. A cikin hujjarsa ta cewa duniya fararriya ce ma, motsi da tsayuwa ya kawo misali, ganin yadda jiki ba ya rabuwa da ɗayansu kuma kowanne yana gushewa ɗayan ya zo.

Wannan rarrabewa ita ce mafi adalci ga abin da ke faruwa a kan teburin, domin ta bar wa mai lissafi lissafinsa cikakke, ta bar wa mai hoto dogaronsa, ba ta kuma yi da'awar cewa ido ya ga abin da bai gani ba. Hausawa suna cewa gani ya kori ji, kuma a gaban alƙali maganar tana da ƙarfi, tunda ganau ya fi jiyau, amma ganau ɗin nan, ko mutum ne ko na'ura, yana buƙatar lokaci kafin ya gani, yana rasa mafi yawan abin da ya wuce ta gabansa, kuma abin da yake kawowa wurare ne da launuka, mai sauraro ne yake ƙara musu alkibla da dalili. Wanda ya ce ya ga ƙarfi yana fita daga ƙwallo yana shiga wani ya faɗi fiye da abin da ya gani, wanda kuma ya ce tunda ba a ga ƙarfin ba to babu tsari abin dogaro ya ƙaryata abin da kowane mai riƙe da sanda ya sani.

Ɗalibin da yake karatun jauhari da aradi bai kamata ya raina wannan gwaji ba, tunda wayoyi da yawa a yau suna da sashen da ake saita saurin ƙyaure da hannu. Ya nemi izinin masu wasa, ya jingina wayar a gefen tebur don kada ta girgiza, ya ɗauki bugu iri ɗaya a kashi ɗaya cikin 30 na sakan, sannan cikin 250, sannan cikin 2000, ya bar ISO a wuri ɗaya, ya faɗaɗa hotunan ya auna wutsiyar da faɗin ƙwallon. Zai tarar wutsiyar tana raguwa daidai gwargwadon yadda hoton yake duhu, kuma a hoto na uku da ƙyar zai iya rarrabe ƙwallon da ƙyallen da yake gudu a kai.